Akwatin kiran mujiya: lasifikar TOA, allon TPA3116D2 da DFPlayer Mini a kan ma'auni

Ƙaramar mujiyar Arewacin Amurka da ake kira saw-whet, wato Aegolius acadicus, nauyinta giram 75 ne zuwa 100, kuma macen ta fi namijin girma. Da daddare take ƙaurar kaka, galibi cikin Oktoba da Nuwamba, ba kasafai take kuka a kan hanya ba, shi ya sa aka daɗe ana zaton ba ta da yawa. Abin da ya sauya lissafi shi ne lasifika. A 1986 aka fara gwada kunna kukan namiji kusa da raga a tashar Little Suamico da ke bakin Green Bay a jihar Wisconsin, kuma rahoton da Tom Erdman da David Brinker suka gabatar a 1997 ya nuna kamun ya ninka sau 4 zuwa 10. Brinker ɗin ne ya kafa Project Owlnet a 1994, wadda yau ta haɗa tashoshin sanya wa mujiya zoben shaida a ƙafa fiye da 100. Kowace tasha tana da akwatin kira, ko na saye ko na haɗawa da hannu. Wannan sharhi a kan kayan haɗin ne: lasifikar ƙaho ta TOA, allon amfilifaya mai TPA3116D2, ƙaramar na'urar kunna sauti DFPlayer Mini da batir mai 12V, tare da kwatanta su da na'urar FoxPro da sifikun Bluetooth.

Ma'aunin da muka ɗora su a kai guda ne. Ba ƙarfin amo ake nema ba, domin ƙarfi abu ne mai arha. Ana neman akwatin da sautinsa na ƙarfe ɗayan dare zai zama daidai da na bayan faɗuwar rana, na bana kuma daidai da na bara. Tashar sanya zobe ƙidaya take yi. Idan murya ta ragu da tsakar dare saboda batir ya yi sanyi, mujiyoyin da suka shiga raga za su ragu, a rubuta a littafi cewa ƙaura ta yi ƙasa, alhali akwati ne ya gaza.

Kukan kansa mai sauƙi ne: tut-tut-tut, kusan sau biyu a daƙiƙa, a wajen 1,100Hz, kamar ƙarar babbar mota idan tana ja da baya. Ƙarfin da aka yi amfani da shi a gwajin farko desibel 100 ne zuwa 110 a tazarar mita 2.

Lasifikar ƙaho ita ce ta fi cancantar a kashe mata kuɗi. Irin wadda ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci ce, kuma ƙananan TOA, SC-610 mai wat 10 da SC-615 mai wat 15, sun dace ƙwarai. Dukansu 8Ω ne, an yi su domin zaman waje, ruwa da ƙura ba sa damunsu. Babban abin yabonsu shi ne wat ɗaya tak yana fitar da kimanin desibel 110 a tazarar mita ɗaya. Sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, don haka a mita 2 ana da 104 da wat ɗaya, 107 da wat biyu, 110 da wat huɗu. Ke nan da wat ɗaya zuwa biyu an riga an shiga tsakiyar abin da ake so. Sifikar kwali ta talakawa, mai fitar da desibel 88 ko 90 a wat ɗaya, sai ta sha wat ɗari kafin ta kamo wannan, kuma babu ƙaramin batir da zai ciyar da ita dare guda.

Wajen saye a duba harafin ƙarshe. Samfurin da ke da M, kamar SC-615M, yana da taransifoma a ciki domin layin 70V ko 100V na manyan gine-gine. Idan aka jona shi kai tsaye da ƙaramin amfilifaya, murya za ta fito ƙasa-ƙasa, mutum ya yi ta ƙara boliyum yana zargin allon. Wanda ba shi da M ake so. Jabu ma sun cika kasuwa. Ana gane su da rashin nauyin maganaɗisu da kaushin ɗinkin roba, kuma muryarsu tana fashewa tun kafin a kai rabin ƙarfin da aka rubuta a jiki.

Ƙaho yana da aibi biyu. Na farko, gaba kawai yake harbawa. Mujiyar da ta biyo ta bayansa ba za ta ji abin kirki ba. Maganin shi ne ƙaho biyu baya da baya a kan sanda, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, ɗaya yana fuskantar inda ƙaura ke fitowa, wato arewa a kaka. Wasu suna kallar da shi sama domin sauti ya bazu ko'ina. Dabarar tana aiki, amma raɓa da yayyafi suna taruwa a maƙogwaronsa, murya ta dushe, idan kuma sanyi ya kai ruwan ya daskare a kan tantanin. Wanda zai yi haka ya karkata bakin kaɗan, ya zazzage shi duk zagaye. Aibi na biyu, ƙaho ba ya son sauti mai kauri. Ƙasa da 300Hz tantanin yana kai-kawo ba tare da iska ta riƙe shi ba, kwayil ya goge ko ya ƙone. Ga saw-whet babu matsala. Ga manyan mujiyoyi masu kuka ƙasa da 500Hz, ƙaramin ƙaho yana sirantar da muryar har ta daina kama da ta tsuntsun, gara sifikar jirgin ruwa mai inci 6 ko 8 cikin rufaffen akwati.

Allon TPA3116D2 yana zuwa da rubutun wat 50 sau biyu. Wannan adadi na 21V ne a kan 4Ω. A kan batir mai 12V da lasifika mai 8Ω, iyakarsa kusan wat 9 ne kowane ɓangare. Wannan ba ragi ba ne a aikinmu, shi ne ma alherinsa. Tunda wat biyu kawai ake ja, akwai rata mai faɗi, kuma ƙarfin fitarsa bai dogara da cikar batir ba matuƙar ratar tana nan. Batir ya sauka daga 12.7V zuwa 12.0V, murya ba za ta motsa ba. Ga shi ba ya ɓarnar wuta, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya ja yana isa lasifika, ba ya zafi, yana aiki daga 4.5V har 26V. A farashin 'yan daloli, babu abin da ya kama ƙafarsa.

Sai dai allunan ba ɗaya suke ba, ko da guntun Texas Instruments ɗin ɗaya ne. Da yawa ana saita su a matakin ƙarawa na desibel 32 ko 36, kuma ƙaho mai kaifin ji yana tona duk wata ƙazantar sauti: tsakanin tut da tut sai a ji shuuu. Resista biyu ne ke saita matakin. Mai gyaran rediyo zai iya mai da shi desibel 26 da 20k zuwa layin nagetif da 100k zuwa ƙafar GVDD, ko desibel 20 da 5.6k zuwa nagetif kaɗai. Desibel 26 ya wadatar. A guji allon da ke da Bluetooth a jikinsa: yana yin ƙararrawa ko magana duk lokacin da aka kunna, kuma wayar wani tana iya kama shi ana tsakar aiki.

Kuskuren da ya fi kashe wannan allo shi ne haɗa baƙaƙen wayoyin lasifika. A irin wannan amfilifaya, ƙafar da aka yi wa alamar ragi a mafitar lasifika ba nagetif ɗin batir ba ce, tana ɗauke da nata sauti. Idan aka murɗe ta hagu da ta dama wuri ɗaya domin tsimin waya, ko aka bari ta taɓa jikin ƙarfe mai haɗe da batir, allon zai yi ta ɗaukewa, ko ya mutu. Kowane ƙaho da wayarsa biyu, tun daga allo har sanda. Waya mai kaurin 1.5mm² tana kai mita 20 zuwa 30 ba tare da asarar da kunne zai ji ba.

DFPlayer Mini kuwa yabonta da sukarta sun kusa yin kunnen doki. Ƙarama ce, tana cin 3.2V zuwa 5V, tana karanta katin memori har 32GB idan an tsara shi a FAT32, ba ta da fuskar da za ta haska daji, ba ta da menu da yatsa mai sanyi zai ɓata. Sautin da za a kai amfilifaya daga ƙafafun DAC_L da DAC_R ake ɗauka, ba daga SPK1 da SPK2 ba, domin waɗannan mafitar nata ƙaramin amfilifayan ne. Takardar bayaninta ta ce idan aka riƙe ƙafar ADKEY1 a layin nagetif, fayil na farko zai yi ta maimaituwa, wato da an kunna wuta sai kira ya tashi. Matsalar ita ce allunan da ke ɗauke da wannan suna ba guntu ɗaya ne a cikinsu ba: akwai YX5200, akwai MH2024K, akwai GD3200B, kuma ba duka ke bin takardar ba. Wani ya kunna sau ɗaya ya yi shiru, wani ya ƙi tashi sai an taɓa shi bayan wuta ta zo. Saboda haka a sayi uku, a bar kowanne yana aiki awa takwas a kan tebur kafin a liƙe shi da dalma. Akwai kuma dabarar da ke rage dogaro da maimaitawa: a yi fayil ɗin dogo, na awa ɗaya ko fiye, ta yadda ko an samu ɗan tsaiko wajen komawa farko, sau kaɗan ne a dare. Fayil ɗaya tak za a bari a katin. Na'urar tana bin jerin yadda aka kwafa fayiloli ne, ba sunansu ba, kuma kwamfutar Apple tana barin ɓoyayyun fayiloli da takan ɗauka a matsayin waƙa.

Inda mafi yawan masu haɗawa ke shan wahala shi ne ciyar da ita. Ana sauke 12V zuwa 5V da ƙaramin allo irin LM2596, sai ga tsuwwa da ƙas-ƙas a lasifika. Dalili shi ne nagetif ya bi hanya biyu zuwa amfilifaya, ta wayar wuta da ta wayar sauti, kuma hayaniyar karatun kati tana zagaya wannan da'ira. Hanya mafi tabbas ita ce a tsinke da'irar: ko a sa ƙaramar taransifomar sauti mai 600Ω zuwa 600Ω tsakanin na'urar da amfilifaya, irin wadda masu kiɗan mota ke sayarwa, ko a yi amfani da mai sauke wuta mai raba layi kamar B1205S. Kafasita mai 470µF a kusa da ƙafafun wutar DFPlayer tana taimakawa. Fawa-bankin waya ba mafita ba ce. Yawancinsu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, kuma DFPlayer ɗin ba ta cin abin da zai riƙe su a farke.

Batir rufaffe mai 12V 7Ah, irin na UPS, nauyinsa kilo biyu da ɗoriya, ya isa. Ƙaho biyu a wat biyu-biyu, da shirun da ke tsakanin tut da tut, da abin da alluna ke ci, duka suna tashi kusan 0.3A. Awa shida ke nan 1.8Ah. Batirin dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, wato 3.5Ah, kuma sanyi yana rage abin da yake bayarwa. Dare ɗaya cikin kwanciyar hankali, dare biyu da ƙyar. A yi caji kowace safiya, a bi adadin da aka buga a jikinsa, yawanci 14.4V zuwa 14.7V. Idan bayan ya huta mita ta nuna ƙasa da 12.1V, ya wuce rabi. Wanda aka ajiye a zube tun Nuwamba ba zai tashi a Satumba mai zuwa ba, domin gishirin dalma ya kama farantansa; a cika shi kafin ajiya, a ƙara masa duk wata biyu ko uku. Batirin LiFePO4 ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗewa, amma ba a yi masa caji ƙasa da 0°C, sai an shigar da shi ɗaki ya ɗumama. Ko wanne aka zaɓa, fiyus mai 3A ya zauna a jar waya, 'yan santimita daga kan batir. Wannan ƙaramin batir yana iya narkar da waya ya kunna busasshen ganye.

Fayil ɗin sauti shi ne rabin akwatin, kuma nan ake yawan yin sakaci. Idan tasha tana cikin wata ƙungiya mai nata daidaitaccen sauti, shi za a yi amfani da shi, ba a taɓa tsarinsa. Wanda zai shirya nasa zai sami naɗe-naɗe a Macaulay Library ta Cornell ko a xeno-canto, bisa sharuɗɗan izininsu. A zaɓi wanda tsuntsun yake kusa, babu kwaɗi, babu mota, babu wata mujiya a baya. A cikin manhajar gyaran sauti ta Audacity a mai da shi layi ɗaya, a tace duk abin da ke ƙasa da 600Hz domin kare ƙaho da cire gurnanin iska, a daidaita ƙololuwarsa a desibel 3 ƙasa da iyaka, a lallaɓa farko da ƙarshe su shiga shiru a hankali don kada a ji ƙwas a mahaɗa. Kada a tura fayil har ya taɓa iyaka da nufin ƙarin ƙarfi. Kukan saw-whet kusan tsantsar sauti ɗaya ne, da zarar an yanke kansa sai ya koma ƙarar ƙarfe, kuma babu lasifikar da za ta gyara shi.

Saitin ƙarfi da mitar auna amo ake yi, a mita 2 daidai bakin ƙaho. Manhajojin waya ba abin dogaro ba ne a nan, makirufon waya yakan ƙoshi tun wajen desibel 90 zuwa 100. Idan an samu adadin da ake so, a yi alama a boliyum, a ɗiga masa gam, a rubuta adadin a littafin tasha, a sake aunawa farkon kowace kaka da tsakiyarta. Mai aunawa ya toshe kunnensa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar zama cikin desibel 100 a minti 15 a rana, kuma mai cire tsuntsu daga ragar da ke dab da sanda yana iya wuce haka a dare mai albarka. Kunnen mujiya ma ya fi namu ji, don haka makunni a bakin hanyar shiga raga, wanda zai yanke sauti lokacin da ake warware tsuntsu kusa da ƙaho, ba ƙawa ba ne.

A nan ne FoxPro ta fi akwatin hannu. Kamfanin na Lewistown ne a jihar Pennsylvania, domin mafarautan karnukan daji yake ƙera na'urorinsa, kuma tashoshin mujiya da dama sun ɗauke su. Suna da rimot, ba sa buƙatar dalma, suna shiga jaka, wasu samfuran suna da ramin jona lasifikar waje. Ga mai yawo daga wuri zuwa wuri, ko tashar da ba ta da mai hannu a kayan lantarki, zaɓi ne mai kyau. Amma kuɗinsu daga dala ɗari da ɗoriya ne zuwa ɗaruruwa, kuma da yawa batirin AA suke ci. An tsara su ne domin kiran minti ashirin ko talatin, ba awa shida a jere ba. Batirin alkalin yana saurin laushi cikin sanyi, don haka wanda zai dogara da su ya yi tanadin masu caji jeri biyu, ya auna amo a ƙarshen dare ba a farkonsa kaɗai ba. Sifikun Bluetooth na gida su ne na baya a jerin: ƙarfinsu ba ya kaiwa, wasu suna rage murya da kansu idan caji ya yi ƙasa, wasu suna magana ko kashe kansu, ga fitilu.

Gidan kayan akwatin roba ne mai marfi da zoben roba. Ramukan waya a gefe ta ƙasa, da matsewarsu, wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga domin ruwa ya ɗiga a waje. Duk ƙaramar fitilar da ke kan alluna a rufe ta da baƙin tef. Idan an shigo da akwatin daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, a ba shi awa ɗaya a rufe kafin a buɗe, in ba haka ba gumi zai kwanta a kan alluna da ramin kati. Lokacin caji kuwa marfi a buɗe, domin batirin dalma yana fitar da ɗan iskar haidurojin. A duba doguwar waya kullum, ɓeraye da kurege suna gaigayarta.

Akwati mai kyau yana ƙara nauyin da ke kan mai shi. Ragar da aka saba amfani da ita mita 12 ce a tsawo, kusan 2.6 a tsayi, ido milimita 60, ana jera su kewaye da sanda, kuma daren da ya fi kawo tsuntsu shi ne mai duhu, marar iska sosai, bayan wucewar sanyi daga arewa. Farin wata yana rage kamu. Kiran da ke jawo saw-whet yana kuma jawo babbar mujiyar Strix varia, wadda ke cin ƙananan a cikin raga. Tazarar zagaye kada ta wuce minti 30 zuwa 60, a rage ta idan sanyi ya tsananta, a kashe sauti a naɗe raga da zarar an ji ko an ga babbar, haka ma idan ruwa ya sauko. Kukan namiji ya fi jawo mata, saboda haka abin da aka kama ba hoton rabon jinsi ba ne a daji. Ba a kunna shi kusa da sheƙa lokacin kiwo. A Amurka sai da izinin ofishin sanya wa tsuntsaye zobe, Bird Banding Laboratory, na hukumar gwamnati ta USGS da ke Patuxent a Maryland, a Kanada kuma na ofishinsu na sanya zobe.

A arewacin Najeriya ma akwai ƙananan mujiyoyi a dazukan savana, irin su Otus senegalensis da Glaucidium perlatum, waɗanda kukansu yake cikin abin da ƙaho ke iya fitarwa. Aikin masu horo ne, irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, ba na mai kama mujiya domin sayarwa ba. A can abokan gabar akwatin zafi ne da ƙura: batirin dalma yana saurin tsufa idan yana kwana cikin mota mai zafi, ƙurar hunturu kuma tana shiga boliyum ta sa shi ƙaiƙayi a sauti. Bayan an gama saiti, gara a cire boliyum ɗin gaba ɗaya, a auna ɓangarorinsa biyu da mita, a liƙa resista biyu masu wannan adadi a madadinsa.